Ke Akuya, Ki Faɗa Masa

Shekarar da aka ɗebe ni aikin kuza, gemuna bai gama fitowa ba. Turawa na can suna babban yaƙinsu, mu kuma a ƙauyenmu na ƙasar Roni abin da ya iso mana shi ne tsadar gishiri, da umarnin da aka ɗora wa kowane dagaci ya kawo samari a tafi da su Jos su haƙa kuza. Ɗiban gwamna ake ce wa abin, kuma ba a tambayar ra'ayin wanda za a ɗiba. Yaron dagaci zai zo ya yi sallama, ya gaisa da manya har da tambayar lafiyar shanu, sannan ya ce ana son ganin wane ranar kaza, ya zo da tabarmarsa. Cikin waɗanda suka riga mu tafiya, wasu sun dawo da tarin da ba ya barin mutum barci, wasu kuma rigunansu kaɗai aka kawo wa iyayensu.

Ban ji tsoron sanyin Jos yadda ya kamata ba, don ban san shi ba tukuna. Abin da ya dame ni daban ne. Duk wanda za a tafi da shi sai ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya nemi gafara, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta sa masa albarka, sannan ya ɗauki tabarmarsa da sanyin zuciya ko da ba zai dawo ba. Abokaina duk sun yi. Ɗaya har yana yi mana kuri wai tsohuwarsa ta tofa masa addu'a sai da hularsa ta jiƙe. Na taya su dariya, amma ni tun da aka haife ni mahaifiyata ba ta taɓa yi mini magana ba.

Ba laifi na yi mata ba. Ni ne ɗanta na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, sai dai ta gidanmu ta wuce misali, don mu Fulani ne da kakanninmu suka zauna suka kama fartanya, muka zubar da rabin Fillanci a hanya, amma kunyar muka iso da ita cif, ko ɗigo bai zube ba. Ranar da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni ta kai ɗakinta, ita na tashi ina kira Inna. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Da mahaifina ya rasu ta gama takaba, aka ɗaura mata aure a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, ni na zauna hannun Inna da Baffa, wan mahaifina. In ta zo ganin gida tana son ruwa, sai ta dubi wani yaro ta ce a gaya wa wancan ya ɗebo, alhali wancan ɗin yana tsaye dab da ita. Sunana bai taɓa ratsa bakinta ba.

Ana saura 'yan kwanaki mu tafi sai ga ta, ta biyo 'yan kasuwa, wai ta zo duba ƙafar Inna. Ƙafar Inna tun kafin a haife ni take ciwo, ba wanda ya taɓa yin tafiyar yini saboda ita. Adda ta yi wa Inna surfe, ta yi mata kitso, ni kuwa ko kallo ban ishe ta ba.

Inna ce ta ƙulla abin. Ranar da Adda za ta koma, tun da asuba ta tashi gidan da mita, wai 'yan kasuwa sun wuce, ba za ta bar mace ta ratsa daji ita kaɗai ba, kuma jar akuyata ba mai kula da ita in na tafi, gara a kai wa Adda kiwo, don haka ni zan yi rakiya. Baffa bai so ba, amma duk da furfurarsa bai taɓa cin Inna a gardama ba. Ya biyo ni har ƙofar gida yana tari, ya riƙe hannuna.

"Ka dai san in ba ka dawo ba, ni dagaci zai ɗaure."

Na ce na sani, Baffa. Inna kuma ta jawo kunnena ta raɗa mini cewa daga nan har can babu kowa sai mu biyu, in na dawo hannu rabbana kada in zo in zauna mata da kumburarriyar fuska.

Muka fita raɓa ba ta bushe ba. Farkon kaka ne, an yanke gero an kwantar, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsayi, ta sunkuyo daga dama da hagu. Hanyar ta mutum ɗaya ce, ba ka ganin komai sai kara a gefenka da ɗan tsagin sama a bisa kanka. Ina gaba, akuya a tsakiya, Adda a baya riƙe da igiya, da ƙwarya a kanta. Na tsara maganata tun a gida na haddace ta kamar karatun allo, amma na ce bari mu ɗan yi nisa da mutane.

Mutane kuwa ba su ƙare da wuri ba. Ga masu cirar gyaɗa, ga mata masu roron wake, ga masu ɗaurin dami, kuma Adda ba ta wuce ko ɗaya ba sai an tsaya an gaisa. A nan na fara jin muryarta sosai. Ashe mace ce mai barkwanci. Ta tsokani wani tsoho a kan ƙanƙantar daminsa, wai ko na kaji ne, ya rama, ta yi dariya har ƙwaryar kanta na rawa. Ni ina tsaye a gefe ina kishin wani tsoho mai wawulo da ban taɓa gani ba. Wata mai roron wake ta tambaye ta ko ɗanta ne, don ga kama nan. Adda ta kawar da kai ta ce ɗan gidan su tsohuwa ne. Matar ta kwashe da dariya ta ce af, na fari ne ke nan, Allah ya raya. Ni kaɗai abin bai ba ni dariya ba.

Da hantsi ya ɗaga gonaki suka tsinke, sai sabara da geza. Babu kowa kuma. Na rage sauri, na gyara murya, na ce, "Adda." Ban kai ga kalma ta biyu ba ta hau akuyar da faɗa, wai ta cika kwaɗayi. Can gaba na sake gwadawa, ta tsaya cire ƙayar da babu ita a ƙafarta. A nan na gane abin da Inna, duk wayonta, ba ta hango ba. Ita ta ɗauka mutane ne ke hana Adda magana, ashe ta kansu maganar ke bi ta iso gare ni. A gida akwai yaron da za a ce wa ya gaya wa wancan. A nan babu yaro, don haka ko ɗan abin da nake samu a gida ya yanke. Haushi ya kama ni, na saki ƙafa ina zabga sauri ba waiwaye.

Sai na ji murya daga baya.

"Ke akuya, ki faɗa wa ubangidanki ya rage sauri. Ba kowa ke da ƙafar samari ba."

Na tsaya cak. Akuyar ta dube ni tana tuƙa, ko a jikinta. Sai na ce, "Ki ce mata na ji." Daga nan akuya ta zama 'yar aike. Ki faɗa masa akwai rijiya bayan waccan kuka. Ki ce mata ba na jin ƙishi. Ki faɗa masa ƙarya yake, leɓensa ya bushe. Duk ɗan abin da aka faɗa ina kamawa ina adanawa, amma a raina na rantse abin da ya fito da ni ba zan karɓe shi ta bakin akuya ba.

Kafin rana ta take muka iso gandun daji. Turawa ne suka kewaye shi da duwatsu masu farar ƙasa, suka ce na gwamnati ne, ba a sara, ba a sa wuta, ba a shiga da awaki. Kakanninmu a cikinsa suka yi kiwo, amma a lokacin ko sanda ka yanka sai ka yi bayani gaban alƙali. An bar hanya ta tsakiya don masu wucewa, sai dai in masu gadi suka ga akuya ta kai baki ga ganye, sun sami nama. Kewayawa kuma za ta kai mu dare. Ki faɗa masa ya ɗauke ki, in ji Adda. Na saɓa akuya a wuya, na riƙe ƙafafunta a ƙirjina, muka shiga.

Dajin ya rufe mu ruf. Marke da ƙirya da taramniya sun haɗe kai a sama, kalgo da farar ƙaya sun cike ƙasa, ciyawa ta kai ƙugu. Babu iska ko kaɗan, sai zafi mai ɗanshi irin na ɗakin da aka rufe ana dafuwa, ga ƙananan ƙudaje masu son ido, ni kuma ba hannun kora. Zabin daji suka tashi fir daga gabanmu har gabana ya faɗi. Akuyar ta fi yadda take nunawa nauyi, ga wari, kuma ba mu yi nisa ba ta saka mini da alheri, na ji ɗumi yana gangarowa ta bayana har cikin wando. Na ji Adda ta ƙunshe dariya. Ki faɗa masa kin gode, in ji ta.

Amma ɗaukar nan ta yi mini abin da ban zata ba. Kan akuya yana kafaɗata ta dama, dab da kunnena. In Adda za ta yi mata magana, dole ta matso gefena, dole ta ɗago ido zuwa inda fuskata take. Da farko ta ci gaba da bin bayana. Sannan a hankali ta matso har ina jin ƙamshin man shanun kitsonta, ta fara magana ƙasa-ƙasa. A faɗa masa an ce sanyin can ta ƙafa yake shiga, kada ya kwanta da jiƙaƙƙen tufa. Ya riƙa zuba toka mai ɗumi ƙarƙashin tabarma. Kada ya yi musu da mai kula da leburori ko da shi ke da gaskiya, don an san shi da saurin fushi, gadon ubansa ne. Kada ya bar salla. Na yi ta cewa ki ce mata to, ki ce mata to, kaina a gaba, don na san in na waiwaya ko kaɗan za ta ja baya.

Sai na ji ta ƙara matsowa. Akwai tabon ƙuna a bayan kunnena na dama, ina koyon tafiya na faɗa murhu, har yau yana nan. Labarin da na tashi da shi, Inna ce ta tsamo ni ta yi jinyata. Ban taɓa tambayar inda Adda take a ranar ba, na ɗauka ta tafi rijiya.

"Ke akuya," ta ce, muryarta ta sauya, "kin ga wannan tabo? Ranar ina bayan zana, ina kallo lokacin da ya faɗa. Tsakar gida cike da surukai, ban isa in fito ba. Na cusa gefen zanena a baki na cije har ya huje. Zanen aurena ne."

Ba ta ce a faɗa mini ba. Wannan tsakaninta da akuya ne. Na ci gaba da tafiya, gumi da hawaye suna shiga bakina, ba hannun sharewa. A raina ina cewa yanzu zan sauke akuyar in durƙusa. Sai ga farin dutsen iyaka a gabanmu, daji ya buɗe, ta ce ki faɗa masa ya sauke ki, ta koma baya inda take da.

Bayan daji sai duwatsu. Hanyar ta hau ta tsakanin falalen duwatsun da rana ta gasa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi, birai na zaune a sama suna kallonmu kamar mun zo biyan haraji. Adda ta hau da ƙwarya a kai ba ta dafa komai ba, ni ɗan samari ina haki. A ƙoli akwai wata tsamiya da ta fito daga tsagin dutse, nan muka yada zango da azahar. Ta dama fura ta ajiye a tsakaninmu, ta koma gefe ta juya baya har na ƙoshi, sannan ta ɗauki sauran. Muka yi alwala da ruwan da ya kwanta a wani kwarmin dutse, muka yi salla, ni a gaba, ita can baya.

Daga wurin ana ganin ƙasa gaba ɗaya. Ga dajin da muka ratso ya kwanta baƙi ƙirin, ga gonaki, ja inda dawa take, fari inda aka yanke gero, ga shanu suna tafe a layi. Gabas duwatsun Kazaure ne. Arewa kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya har inda ido ya gaza, ta wajen Daura, bayanta ƙasar Faransa, inda samari da yawa suka gudu da aka fara ɗiba. Ban taɓa ganin duniya da faɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin ta matse ni irin na ranar ba.

Adda ma arewa take kallo. Ta jawo akuyar tana cire mata ƙarangiya a gashi, ta ce a faɗa masa ƙaninta yana can da shanu bayan iyaka, yana neman mai taya shi kiwo. Mai ƙafa in ya sauka ta nan, jibi war haka yana shan nono a ruga, ba dagaci ba gwamna. Ta faɗa a hankali kamar mai ba da labarin kasuwa, amma hannunta ya tsaya cak a bayan akuyar.

Na daɗe ina kallon hanyar, siririya, fara, tana sauka tana ɓacewa cikin gonaki. Ƙafata har ƙaiƙayi ta yi. Sai tarin Baffa ya faɗo mini a rai, da yadda ya riƙe hannuna a ƙofar gida. Na ce ki ce mata Baffa za a ɗaure, kuma Baffa ba zai jure ɗauri ba. Ta ci gaba da cire ƙarangiya. Can ta ce, ki ce masa na sani.

Wannan "na sani" ya karya mini zuciya, ya kuma ba ni ƙarfin hali. Akuyar ta zame ta tafi cin ganye. Na zagayo gaban Adda, na durƙusa gwiwa biyu a kan dutsen nan mai zafi.

"Adda, tafiya zan yi. Ki yafe mini."

Ta dubi hagu, ta dubi dama, tana neman akuyar. Ta miƙe da sauri har ta kusa tuntsurar da ƙwarya, ta je ta kamo igiyar, ta gaya wa akuya rana na gudu, a tashi. Aka bar ni durƙushe ina kallon inda ta tashi.

Na fusata, kuma har yau in na tuna ina jin ragowar fushin. Ba da ita nake ba, don na san ba son ranta ba ne. Da wanda ya fara kawo wannan al'ada nake, ko wane ne shi, da dukan tsofaffin da ke yabawa suna cewa wance akwai kunya, ko kallon ɗanta ba ta yi. Turawa sun kewaye daji da farin dutse, dagaci ya ɗaure ni da wuyan Baffa, waɗannan aƙalla na san su, ina iya zaginsu a ciki. Wannan kuwa ba mai gadi, ba alƙali, ba mai ganinmu sai birai, amma ta fi duka tsauri. Na sauka dutsen ina harbin tsakuwa. Ta aiko akuya a ce mini in kula da santsi, ban amsa ba.

Gindin dutsen fadama ce, da rake da dankali da laka mai tsotse takalmi. Muka tsallake rafi ruwa iya ƙwauri, muka sake shiga gonaki, dawa ta sake rufe mu. Tun ina fushi har fushin ya huce ya bar tsoro, don kowane taku rage mini hanya yake. Na san da mun shiga gidan mijinta yara za su kewaye ta, in koma wancan, in sha ruwa a zaure in juya. Na fara tunanin ko in haƙura in karɓa ta bakin akuyar, ya fi babu. Na buɗe baki in ce ki ce mata, girman kai ya hana ni. Haka muka yi ta tafiya mu uku, ba mai cewa uffan, har akuyar.

La'asar sakaliya muka fito daga cikin dawa. Ga garinsu can, kukoki da rumbuna da hayaƙi, ana jiyo lugude. Tsakaninmu da shi gonar gyaɗa ce da aka cire aka kwashe, awakin gari sun bazu a ciki suna kala. Akwai wata ɗorawa a bakin gonar, nan Adda ta tsaya. Na ɗauka gammo za ta gyara, sai na ga ta sauke ƙwaryar ta ajiye a ƙasa, ta sunkuya kan akuyar. Da idona na ga yatsunta sun sassauta zargen sun zare shi ta kan akuyar. Ba suɓucewa ya yi ba, ita ta cire. Ta ɗan buge ta a cinya, akuyar ta ruga cikin 'yan'uwanta ko waiwaye babu.

Aka bar mu mu biyu, ba kowa a tsakani. Na durƙusa, wannan karon ban ce komai ba. Ta juyo ta fuskance ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Idonta ya taso daga ƙasa ya hau gwiwata, ya hau ƙirjina, ya kai haɓata. Leɓenta ya buɗe. Na ga bakinta ya ɗauko farkon sunana, na rantse na gani. Na riƙe numfashi ina jiyo luguden gari da bugun ƙirjina. Ta yi ƙoƙari, Allah shaida ne ta yi. Sannan idon ya sauka, ya faɗa kan igiyar da ke hannunta, da zargen da wuyan akuya ya fita ya bari.

Ta ɗago igiyar kusa da bakinta.

"Ki faɗa masa na yafe masa duniya da lahira. Bai taɓa yi mini komai ba. Ki faɗa masa Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya. Ki ce masa shi ma ya yafe mini."

Babu akuya. Ta sani, na sani. Iyakar inda Adda ta iya kaiwa ke nan, kuma na ga wuyar da ta sha kafin ta kai. Ban dubi igiyar ba, ita na duba.

"Na ji, Inna. Na yafe."

Ta zabura kamar an ɗana mata garwashi. Ban taɓa kiranta da wannan suna ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, ta cikin mayafin na ji ta ce wa igiyar, "Ki ce masa ba shi da kunya."

Na tafi Jos, na ga sanyin, na dawo da tarina kamar kowa. Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, ta goyi 'ya'yana, ta tsokane su, ta kira kowa da sunansa, amma ni na ci gaba da zama wancan har ta koma ga Allah, ni ma na koma ce mata Adda. Shi ya sa in na tuna ta ba a shimfiɗar jinya nake ganinta ba. A bakin gonar gyaɗar nan nake ganinta, ta ɗora ƙwarya a kai ta nufi gari da sauri, ta manta da akuyar sam, tana jan igiyar a ƙasa a bayanta, ba komai a jiki.